Muhawara: me ya haɗa yaƙi, annoba da magani a hannun Sekhmet?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan Sekhmet, abar bautar Misirawan dauri da ake sassaƙawa da jikin mace da kan zakanya, faifan rana a bisa kanta, gamsheƙa a goshi. Cibiyar bautarta Mamfis ce, kudu da Alƙahira ta yau, inda suke ɗaukarta matar Ptah kuma uwar Nefertem. Abin da ke ɗaure wa masu karatu kai shi ne ita ce ta yaƙi da annoba, kuma ita ce ta masu magani. Yawancin rubuce-rubuce sai su ce tana da hali biyu, su wuce. Wannan bai gamsar da ni ba. Ina so mu bi abin da Misirawan suka rubuta da hannunsu da abin da aka haƙo daga ƙasa, mu ga yadda abin yake aiki a wurinsu.

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya tada maganar, tarihi muke karantawa, muna bayyana abin da wasu mutane suka yi imani da shi ne, ba gaskatawa muke yi ba. To, a fara da labarin halaka 'yan Adam, don shi ne tushe. Yana cikin rubutun da masana ke kira Littafin Saniyar Sama. Wani yanki nasa yana jikin akwatin zinariya na waje da ya rufe gawar Tutankhamun, cikakkensa kuma yana kabarin Seti na ɗaya, sannan akwai shi a kaburburan Ramses na biyu da na uku da na shida.

Ga yadda ya tafi. Ra, allahn rana a wurinsu, ya tsufa, ƙasusuwansa sun zama azurfa, namansa zinariya. Mutane suka ƙulla masa makirci. Ya tara manyan alloli a asirce, suka ba shi shawara ya aika Idonsa, wanda suke ɗauka allahiya ce mai zaman kanta. Idon ya sauka a siffar allahiya Hathor, ya bi mutanen da suka gudu hamada ya karkashe su. Ta dawo ta ce abin ya yi mata daɗi a zuciya, kuma rubutun ya ce daga nan ne Sekhmet ta samu. Da Ra ya ga za ta ƙarar da kowa washegari, sai ya tura manzanni masu sauri zuwa tsibirin Elefantin, can Aswan, su kwaso wata jar ƙasa. Aka niƙa ta a Heliyofolis, kuyangi suka dafa giyar sha'ir, aka gauraya, ta koma kamar jinin mutum. Tulu 7,000 aka cika. Cikin dare aka kwarara a filin da za ta fara kisa, har zurfin ya kai tafin hannu uku. Tafin hannu a awonsu kusan santimita 7.5 ne, ke nan kimanin santimita 22. Da asuba ta zo, ta ga fuskarta a ciki, ta sha, ta bugu, ta koma ba ta ma gane mutane ba.

Ku lura da abu ɗaya: ba a ci ta da yaƙi ba, ba a kashe ta ba, ba ta tuba ba. Lallashinta aka yi na dare ɗaya. Shi ya sa Ra ya yi umarni a riƙa yi mata abin sha mai sa maye a bukukuwan shekara.

Abu Sadiq: Malam, na gode da ka ce jar ƙasa. Shafuka da yawa a intanet suna cewa ruwan rumman aka zuba a giyar. Babu rumman a rubutun. Sunan abin didi, kuma an ce daga Elefantin aka ɗauko shi, aka niƙa. Tsofaffin masu fassara sun ɗauka wani tsiro ne, amma yanzu an tsaya a kan jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, irin wadda masu zane suke yin jan fenti da ita. Giyarsu ma ba tatacciya ba ce, mai kauri ce mai gurɓi, don haka garin ƙasar zai zauna a cikinta ya ba ta launi da kaurin jini. A tsararren ruwa da ƙasar ta kwanta a gindi kafin gari ya waye.

Hajiya Rabi: Abin da Malam Tanko ya ce game da lallashi shi ne amsar tambayar Ummu Hanif a ganina. Ba allahiyar magani ba ce ta fuskar mai tausayi da ke raba waraka. Ita ce mai cutar. Suna cewa tana da manzanni, masu yanka, masu yawo, da kibau bakwai da take harbawa. Wanda ya harba kibiya shi ke da ikon riƙe hannunsa, don haka wurinta ake zuwa. Mai hidimar da ya san yadda ake kwantar mata da rai, shi ne kuma wanda ya fi kowa zama kusa da marasa lafiya a lokacin annoba. Daga nan sana'ar ta fito.

Dakta Hadiza: Hajiya, na yarda da rabin farko, amma kada mu mayar da mutanen nan masu karanta addu'o'i kawai. Takardun magani biyu sun ambace su da aikin hannu. Takardar Ebers, ta wajajen 1550 kafin Miladiyya, wadda ke Laifzig a Jamus, tsawonta kusan mita 20, ta lissafa mutum uku da ke ɗora yatsu a jikin mara lafiya: likita, da wab na Sekhmet (wato mai hidimar ibadarta), da mai tsari. Ta ce idan ɗayansu ya sa yatsunsa a kai, ko a ƙeya, ko a hannu, ko a ƙafa, to zuciya yake aunawa, domin jijiyoyinta sun kai kowace gaɓa. Bugun jini ke nan suke ji. Takardar Edwin Smith, ta wajajen 1600 kafin Miladiyya, ta kawo irin wannan magana tun a matsala ta farko, kuma a can wab na Sekhmet aka fara ambata kafin likita.

Takardar Smith ɗin tana da matsaloli 48, an jero su daga ƙoƙon kai zuwa ƙasa. Kowace da tsarinta: take, dubawa, hukunci, magani. Hukuncin iri uku ne: cutar da zan yi wa magani, cutar da zan yi kokawa da ita, da cutar da ba a yi mata komai. Ga rauni buɗaɗɗe, ranar farko ɗanyen nama ake ɗaurawa a kai, daga nan kullum maiƙo da zuma da zaren lilin har ya warke. Zuma tana tsotse ruwa daga ƙwayoyin cuta, maiƙo yana hana tsumma mannewa a ciwon, zaren yana shan ruwan da ke fita. Ga muƙamuƙin da ya goce baki ya ƙi rufuwa, matsala ta 25, an ce ka sa manyan yatsunka biyu cikin bakin a ƙarshen ƙashin hagu da dama, sauran yatsu a ƙarƙashin haɓa, ka mayar da shi mazauninsa. Har yau kusan haka ake yi a asibiti.

Abu Sadiq: To Dakta, ke nan za mu iya cewa su ne likitocin fiɗa na Misira? Na ga ana faɗar haka.

Dakta Hadiza: A'a, an wuce gona da iri. Wannan ra'ayin ya fito ne daga ganin sunansu a farkon takardar raunuka. Ambaton suna a sharhin jin bugun jini bai isa ya zama hujjar cewa su kaɗai ke ɗinki da ɗori ba. Abin da muke da tabbacinsa shi ne mutum ɗaya kan riƙe muƙaman biyu. A ma'aikatar dutse ta Hatnub akwai rubutun wani Herishefnakht, shugaban likitocin sarki kuma shugaban wab na Sekhmet, wanda aka yabe shi da karanta littafi kullum da ɗora hannu a kan mara lafiya ya gane ciwonsa. A rubutu ɗaya aka ambaci Ahanakht, shi ma wab na Sekhmet, aka ce ya san shanu.

Sarkin Fawa: Maganar shanun nan tana da muhimmanci, kada a wuce ta. A zanen kaburburan Sakkara, maƙabartar Mamfis, ana nuna mai duba yanka tsaye kusa da mahauta. A kabarin Ptahhotep, na zamanin gidan sarauta na biyar na Misira, mahauci ya miƙa wa wani likita yatsunsa da jinin sa a jiki ya ce ya duba, shi kuma ya shinshina ya ce mai tsarki ne. A wani kabarin, Wenennefer, wab na Sekhmet, shi ke kan irin wannan aiki. Wasu na cewa tsarkin ibada kawai ake nufi. Amma duk wanda ya san fawa ya san launin jini da warinsa da yadda yake daskarewa suna tona asirin dabba mara lafiya. Mutumin da aikinsa tsare gari daga annoba, aka tsayar da shi a mayanka, ba na jin don ado ne.

Hajiya Rabi: Dakta, ki juya takardar Smith ɗin ta baya mana. Can akwai tsari guda takwas, yawancinsu na korar abin da suke kira annobar shekara, kuma Sekhmet da manzanninta ake kora. Ɗaya ya ce mutum ya riƙe sandar wani itace a hannu, ya fita ya kewaye gidansa yana karantawa, ba zai mutu da annobar shekarar ba. Wani na wanda ya haɗiye ƙuda ne. Takarda ɗaya ce, gaba dubawa da ɗauri, baya tsari. Rabon aikin a bayyane yake: abin da ido ya ga sanadinsa, kamar sara ko faɗuwa, hannu ke gyarawa. Abin da ya shigo gari ba a ga mai kawo shi ba, ya kwantar da gida guda, na Sekhmet ne.

Dakta Hadiza: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ɗan Agadas: Bari in shigo da kalanda, don ba a gane annobar shekara sai da ita. Shekararsu wata 12 ne, kowanne kwana 30, ya zama 360. Sai kwana biyar na ƙari, ranakun haihuwar Osiris, Horus, Set, Isis da Neftis. Waɗannan biyar su ne mafi haɗari, lokacin da manzannin Sekhmet ke sake. A asali suna faɗowa ne gab da zuwan ambaliya, wajen tsakiyar Yuli, lokacin da tauraron Shi'ira ke sake bayyana kafin fitowar rana. Kogi ya ja baya matuƙa, ruwan da ya rage ya tsaya ya yi wari, zafi ya kai maƙura, rumbuna sun kusa ƙarewa. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin yawan ciwo a irin wannan lokaci.

Akwai takarda a Laiden ta ƙasar Holan da ta ba da matakan tsarin ranar ƙarshe ta shekara. A sami ƙyallen lilin mai kyau. A zana jerin alloli a kai. A karanta tsarin a kansa. A yi masa ƙulli 12. A miƙa gurasa da giya, a ƙona turare. Sannan a ɗaura wa mutum a wuya.

Matsalar kalandar ita ce ba ta da ranar cike gurbi. Kwana 365 ne cif, don haka duk shekara huɗu tana zamewa da kwana ɗaya, sai bayan kimanin shekara 1,460 take komowa daidai da tauraron. Ke nan a yawancin tarihinsu kwanaki biyar ɗin nan na takarda ba su dace da lokacin zafin gaske ba. Wanda ya ce duk bikin Sekhmet a bazara ake yi, ya manta da wannan. Batlamiyus na uku ya yi yunƙurin ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu a 238 kafin Miladiyya, abin bai zauna ba sai zamanin Augustus, sarkin Rum.

Baba Ilu Omdurman: Ƙari kan maganar ambaliya. Ruwan farko da ke isowa ja ne, saboda laka da Shuɗin Nilu da kogin Atbara ke kwasowa daga tsaunukan Habasha. Masana da dama suna ganin filin da aka cika da jar giya hoton wannan ruwan ne, kuma ga shi daga kudu aka kawo jar ƙasar, ta inda ambaliya ke shigowa Misira. Fassara ce, rubutun bai faɗa da baki ba, amma tana da ƙarfi. Sannan a kiyaye: zakin da ke haikalin Naga da Musawwarat a nan Sudan ba Sekhmet ba ne. Apedemak ne, namiji, na masarautar Merowe. Ana yawan saka hotonsa da sunanta.

Ummu Hanif: Baba, ko a cikin Misira ma rikicin yana nan. Tefnut, Mut, Pakhet ta kusa da Bani Hasan, Menhit ta Esna, har Bastet a farkon zamaninta, duk ana yi musu kan zakanya. Idan babu rubutu a jikin gunki, ba a yanke hukunci da fuska kawai. Yanzu ina masu gumakan Amenhotep na uku?

Injiniya Bala: Ga ni. Amenhotep na uku ya yi mulki wajajen 1390 zuwa 1352 kafin Miladiyya. Ya sa an sassaƙa ɗaruruwan gumakan Sekhmet da baƙin dutse mai tauri, kowanne kusan mita biyu. Iri biyu ne. Na zaune yana riƙe da alamar rai a hannun hagu bisa gwiwa. Na tsaye yana riƙe da sanda mai siffar tsiron papirus a gabansa, alamar rai a hannun dama a saki. Adadin 730 da ake yawan faɗa ƙiyasi ne, ba ƙirga ba. Masanin Faransa Jean Yoyotte ya kawo shi a 1980: ɗaya zaune ɗaya tsaye ga kowace rana ta shekara. Hujjarsa ita ce kowane gunki mai rubutu yana ɗauke da kirari nasa dabam, wani harshen wutar Mut, wani mai bugun Nubiyawa, wasu kuma uwargijiyar gari kaza, kuma a haikalin Edfu da Dandara, da aka gina daga baya, akwai jerin kiraye-kirayen allahiyar na kowace rana.

An same su a wuri biyu: haikalinsa na Kom el-Hettan a yammacin Luksor, bayan manyan gumakan Memnon, da haikalin Mut a Karnak mai tafki kamar kofaton doki. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na yamma ne asalinsu, daga baya aka tsallakar da wasu. Sarakunan da suka biyo baya irin su Sheshonk na ɗaya sun sa sunansu a jikin wasu, don haka sunan da ke jiki ba kullum yake nuna mai aikin ba. Gidan tarihin Birtaniya a Landan kaɗai yana da fiye da 30, akwai kuma a Turin da Paris da New York.

Abu Sadiq: Ni ina ganin ciwo ne ya sa shi. Gawar da ake dangantawa da shi tana da mummunan ciwon haƙori. Kuma a wasiƙun Amarna, wato wasiƙun da sarakunan waje suka aiko wa fadar Misira, Tushratta sarkin Mitanni ya aiko masa da gunkin allahiya Shaushka ta Nineba a ƙarshen mulkinsa. Masaniya Arielle Kozloff ma ta kawo ra'ayin cewa annoba ce ta auka wa ƙasar.

Malam Tanko: Abu Sadiq, a yi hattara da hujjojin nan uku. Gawar akwai masu shakkar tasa ce. Wasiƙar ba ta ambaci ciwo ba ko sau ɗaya, kuma ta zo ne a lokacin aurensa da 'yar Tushratta, shi ya sa wasu ke ganin don albarkar aure aka aiko ta. Sannan aikin ɗaruruwan gumaka daga fasa dutse zuwa goge shi ba abin da ake farawa don haƙori ya kumbura ba ne, shiri ne na shekaru. Ya fi dacewa da bukukuwan sabunta sarauta da ya yi a shekara ta 30 da ta 34 da ta 37 ta mulkinsa. Annoba tana iya kasancewa cikin dalilan, ban kore ta ba, amma babu rubutun zamaninsa da ya ce ga annoba, ga gumakan da aka yi dominta.

Hajiya Rabi: Kuma ko babu annoba a ƙasa, tsoronta na nan kowace shekara. Sarki da kansa ana siffanta shi da ita. A labarin Sinuhe an ce tsoron sarki a ƙasashen waje kamar na Sekhmet ne a shekarar annoba. A bayanin yaƙin Kadesh na wajajen 1274 kafin Miladiyya, an sa a bakin abokan gaba cewa Sekhmet na tare da Ramses na biyu a kan dawakinsa, duk wanda ya matso wuta ta ƙone shi. Wata koyarwa ta zamanin Daular Tsakiya ta Misira ta ce sarki Bastet ne, allahiya mai sanyin hali, ga mai biyayya, Sekhmet ne ga mai saɓa umarni. Wutar ɗaya ce. Aikin haikali shi ne juya ta ta fuskanci waje. Don haka ake yanka mata mariri da dinya, a kaɗa mata kacau-kacau, a miƙa giya. A haikalin Mut, tawagar Betsy Bryan ta jami'ar Johns Hopkins ta haƙo ginshiƙan wata rumfa ta zamanin Hatshepsut da rubutunta ya kira rumfar maye, shaidar cewa bikin da labarin ya yi umarni da shi an yi shi a zahiri.

Ummu Hanif: Injiniya, me ya sa yawancin waɗanda ake haƙowa yanzu a farfashe suke, wasu fuskar na ɓarewa?

Injiniya Bala: Abu uku ne. Na farko girgizar ƙasa ta wajajen 1200 kafin Miladiyya ta rushe haikalin Kom el-Hettan, sannan Merenptah ya kwashi duwatsunsa ya gina nasa a kusa. Gunkin zaune yakan karye a ƙugu, inda gangar jiki ta rabu da kujera, na tsaye kuma a gwiwa ko idon sawu. Na biyu, faifan rana a wasu dabam aka sassaƙa shi aka cusa a rami a tsakar kai, shi ya sa ya fi saurin ɓata. Na uku, wanda ya fi duka ɓarna a yau, gishiri. Haikalin a filin noma yake, kuma tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 ana ban ruwa duk shekara, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a sama. Dutsen yana tsotsar ruwan ta ƙananan kafofinsa, rana ta busar da shi, gishirin ya daskare a ƙarƙashin fatar dutsen ya tura ta waje. Gogaggiyar fuskar da rubutun su ne ke fara zubewa.

Aikin da Hourig Sourouzian ke jagoranta a wurin tun 1998 ya fito da fiye da 200, cikakku da gutsattsari. Ƙa'idar ceto irin wannan dutse sananniya ce. Ba a barin wanda aka ciro daga laka ya bushe farat ɗaya a rana, a inuwa ake busar da shi a hankali. A share laka da burushi mai laushi. A shafa masa dammen ɓargon takarda ko yumɓu da tataccen ruwa, a bari ya bushe ya jawo gishirin, a ɓare, a auna gishirin da ya fito, a maimaita har awon ya sauka ya tsaya. Wajen haɗa karaya ana sa sandar ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙarfe na gama-gari in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa dutsen daga ciki, siminti kuma da nasa gishirin yake zuwa. A ƙarshe a ɗora gunkin a kan dakali mai shimfiɗar da ke tare damshi, kamar yadda aka yi wa na haikalin Mut.

Sarkin Fawa: In ba a rage ruwan ƙasan ba fa?

Injiniya Bala: Dakalin zai kare wanda aka ɗaga, amma duk abin da ke binne zai ci gaba da shan gishiri. Shi ya sa aka shimfiɗa bututun magudana da famfuna a kewayen haikalin Karnak da Luksor da kuma gefen yamma, suna janye ruwan suna mayarwa kogi. Su ma sai ana yashe bututun ana gyara famfunan, in sun tsaya ruwan yakan sake hawowa.